Man riɗi da man gyaɗa a gwajin ɓeraye: kolestarol ɗin da ya ragu a jini, ina ya tafi?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wani tsarin gwaji da ɗalibai ke yawan bi, ina so masana su duba mana shi. Ɓeraye maza 30 jinsin Wistar, giram 150 zuwa 180, a raba su rukuni biyar, shida-shida. Na farko abincin kaji na masu tasowa zalla. Na biyu a cakuɗa masa man shanu da gwaiduwar ƙwai a cikin abincin. Na uku abincin na biyu, a riƙa ɗura masa man riɗi mililita 1 kullum. Na huɗu man gyaɗa mililita 1. Na biyar atorvastatin, maganin rage kolestarol na dangin sitatin, miligiram 10 a kowane kilo na nauyin jiki. Bayan kwana 28 a ɗebi jini a auna jimillar kolestarol, da HDL (kolestarol ɗin da ake kira mai kyau), da tiraigilisarayid (kitsen da ke cikin jini), a fitar da LDL (wanda ake kira marar kyau) da lissafin Friedewald, wanda ke ƙiyasta shi daga waɗancan ukun. Matsala biyu ke yawan fitowa: kolestarol ɗin rukuni na biyu ba ya hawa yadda ake so, sannan LDL ɗin wasu ɓerayen yakan faɗo ƙasa da sifili. Daga ina gyara zai fara?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Hajiya. Daga ɓeran kansa. Jikinsa ba ya sarrafa kolestarol irin namu. Mutum yawancin kolestarol ɗin jininsa yana cikin LDL, shi kuwa ɓera a cikin HDL yake ɗaukar nasa, domin ba shi da furotin ɗin nan CETP mai kwasar kolestarol daga HDL ya miƙa wa LDL da VLDL, wani mai ɗaukar kitse a jini. Lafiyayyen ɓera jimillar kolestarol ɗinsa yakan tsaya tsakanin miligiram 50 zuwa 100 a desilita, kuma LDL kaɗan ne a ciki.

Abu na biyu, hantarsa gwana ce wajen zubar da rara. Da zarar kolestarol ya yi yawa a abinci sai ta ƙara aikin inzayim CYP7A1, wanda ke mayar da shi asid ɗin ɗacin hanta, ya bi hanji ya fice. Ɓera ma ba shi da madaciya, ɗacin kai tsaye yake kwarara cikin hanji. Shi ya sa za a cika shi da man shanu wata guda ya yi ƙiba, hantarsa ta yi kitse, amma jininsa bai motsa sosai ba. Zomo akasin haka yake. Da zomaye masanin kimiyya Anichkov ya yi aikinsa a Rasha a 1913, ya ciyar da su kolestarol kitse ya taru a jijiyoyin jininsu.

Batun gwaiduwa kuma mu yi lissafi. Busasshen garin gwaiduwa yana da kolestarol wajen giram 2.3 a giram 100. In ana son abinci mai kashi 1 cikin 100, wato giram 10 a kilo, sai an zuba fiye da giram 400 na garin a kowane kilo. Wannan ya zama wani abincin daban, mai nasa furotin da nasa maiƙo. Abin da aka saba shi ne tsantsar garin kolestarol kashi 1 zuwa 2, da asid ɗin kolik, ɗaya daga cikin asid ɗin ɗacin hanta, kashi 0.5. Kolik ɗin yana ƙara tsotsar kolestarol a hanji, yana kuma danne CYP7A1, sai hanyar fita ta ƙuntata.

Abu Safiyya: Dakta, na yarda da kai kan gwaiduwa, amma ina da ja kan kolik. Kashi 0.5 yana wahalar da hanta, yana jawo kumburi, ALT da AST, inzayim masu nuna rauni a hanta, su hau, wasu ɓerayen su rage cin abinci. To in mai ya rage kolestarol ta hanyar ƙara fitar da ɗaci, kai kuma ka riga ka toshe wannan hanyar da hannunka, me za ka gani? Ka ɓoye ainihin abin da ka fito nema. Inda za a samu hamsta, wata ƙaramar dabba dangin ɓera, ko ɓeran Masar sun fi dacewa, don dukkansu suna da aikin CETP, kuma ɓeran Masar a LDL yake ɗaukar mafi yawan kolestarol ɗinsa kamar mutum.

Baban Ummi: Gaskiya ne Malam, ba na musu. Sai dai wanda ɓera kawai ke hannunsa, ko ya sa kolik ko ya haƙura da ɗan hawan da zai samu. Matsakaiciyar hanya ita ce kashi 0.25 tare da tsawaita gwajin zuwa mako shida ko takwas. Kuma a rubuta a rahoto ɓaro-ɓaro cewa an sa shi, don mai karatu ya san irin ciwon da aka ƙirƙira.

Abu Safiyya: A haka mun daidaita. Ƙari ɗaya: ɓeraye mata sun fi maza saurin hawan kolestarol in an ciyar da su shi. Duk jinsin da aka zaɓa a tsaya a kansa, ko a yi duka biyun a lissafa kowanne daban.

Ɗan Gusau: Ni abincin kajin nan ne ya fi damuna. Buhun yau da na wata mai zuwa ba lallai su zama ɗaya ba: masara, dusa, tunkuza, garin kifi, duk sukan canja gwargwadon farashin kasuwa, kuma dusar da waken soya suna ɗauke da nasu abubuwan da ke taɓa kolestarol. In babu makawa sai shi, a sayi na dukan gwajin a rana ɗaya, a gauraye buhunan wuri guda, a kai samfur a auna furotin da maiƙo da harza. Wanda ya fi shi ne a haɗa abincin da hannu a kan tsarin AIN-93 na 1993, wato daidaitaccen abincin ɓerayen gwaji. Ga kilo ɗaya: kesin giram 200, sistin giram 3, sukari giram 100, selulos giram 50, haɗin ma'adinai giram 35, haɗin bitamin giram 10, kolin giram 2.5, maiƙo giram 200, kolestarol giram 10, kolik giram 2.5, sauran giram 387 sitacin masara. Wannan yana ba da kusan kashi 40 na kalori daga maiƙo. Asalin tsarin man waken soya giram 70 ne kawai ga ɓeraye masu tasowa, wannan shi za a ba rukunin lafiya.

Yawancin abincin ƙiba na ƙasashen waje da kitsen alade ake yin su. Kakide, wato narkakken kitsen saniya da aka tace, yana maye gurbinsa sarai, a dai rubuta shi da sunansa.

Wajen haɗawa ake yawan kuskure. Kada a watsa garin kolestarol cikin busasshen abinci, dunƙulewa yake yi, wani ɓeran ya samu da yawa wani ya tashi a tutar babu. A narkar da kakiden a kwano bisa ruwan zafi, a zuba kolestarol a juya har ya ɓace, a sauke ya huce ya rage ɗumi, sannan a zuba man da ake gwadawa. Kada a ɗora a wuta kai tsaye, zafi mai yawa yana lalata kolestarol ya koma wasu sinadarai masu cutar da jijiya fiye da shi kansa. Bitamin da ma'adinai a fara gauraya su da ɗan sitaci kaɗan, a ƙara, a ƙara, har su bazu. A yi na mako guda kawai, a ƙulle a leda a sa a firiza, kullum a zubar da ragowar jiya bayan an auna shi.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri. To Malam, na ga ka ce a zuba man cikin abinci. Ɗurawa ta baki fa? Ai ita ce ke tabbatar da kowane ɓera ya sha daidai.

Baban Ummi: Hajiya, wannan ita ce babbar ɓarakar tsarin gaba ɗaya. Mililita 1 na mai giram 0.92 ne, kalori 8 da ɗoriya. Ɓera mai giram 200 yana cin giram 15 zuwa 20 a rana, a ce kalori 70. Kin ga an ɗora masa fiye da kashi goma a kan na rukuni na biyu. Ɗayan biyu zai faru. Ko ya ci abincinsa duka ya fi su kalori, ko kuma man ya cika masa ciki ya rage ci, wanda shi ya fi faruwa. In ya rage ci da kashi goma, kolestarol da kakiden da ke shiga cikinsa ma sun ragu da kashi goma. Sai a auna jini a ga ragi a ce man riɗi ne, alhali ɓeran bai ci abin da ɗan uwansa ya ci ba.

Abin da aka sani game da mai marar daskarewa shi ne yana aiki idan ya maye gurbin mai daskarewa. Lissafin masanin abinci Keys a kan mutane ma haka ya nuna: kitse mai daskarewa yana ɗaga kolestarol da ƙarfin da ya ninka wanda linoliyik, wani asid ɗin mai marar daskarewa, ke saukar da shi sau biyu. Don haka rukunin ciwo, wato na biyu, ya samu kakide giram 200, rukunin gwaji kakide giram 100 da mai giram 100. Kalori ɗaya, kolestarol ɗaya, nau'in maiƙon kawai ya bambanta. In dole sai an ɗura, kada ya wuce mililita 5 a kilo, kuma kowane rukuni a ɗura masa wani abu mai kalori daidai da wancan, da allurar ɗura mai dunƙulen kai. Mai in ya kuskure ya shiga huhu, ɓeran zai fara numfashi da ƙyar, kuma da wuya ya tashi.

Abu Safiyya: A kula da keji ma. In ɓeraye shida suna keji ɗaya suna cin kwano ɗaya, awon abincin na keji ne, lamba ɗaya tak aka samu. A sa su biyu-biyu, ko a riƙa kai su kejin awo ɗai-ɗai na kwana biyu zuwa uku kowane mako. A ba su mako guda su saba da ɗaki kafin a fara, a raba su rukuni da ƙuri'a bayan an jera su bisa nauyi. Ɗaki ya tsaya kusa da digiri 22, haske awa 12 duhu awa 12. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska yakan haura digiri 35, ɓeran zai miƙe a ƙasan keji ya lashe jikinsa da yawu ya ƙi abinci. Wanda ba shi da tabbacin wuta gara ya saita gwajin cikin hunturu. Takardar amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobi kuma kafin a sayi ɓera ake neman ta.

'Yar Maraɗi: Malamai, har yanzu ba a taɓo man ba, kuma "man gyaɗa" ba abu ɗaya ba ne. Wanda mai ƙuli-ƙuli ta matse daga soyayyar gyaɗa, da wanda aka tatsa a sanyi da injin matsa, da wanda aka ciro da sinadarin hekzen mai narkar da mai a na'urar Soxhlet, da tataccen na kamfani, kowanne da abin da ke cikinsa. Tacewa tana rage sitarol da bitamin E. Na hekzen in ba a kore sinadarin sarai ba, hanta za ta nuna. Ita kanta gyaɗar, oliyik ɗinta, shi ma asid ɗin mai marar daskarewa, yakan tashi daga wajen kashi 40 zuwa sama da 60 gwargwadon iri. Riɗi ya fi daidaito, oliyik wajen kashi 40, linoliyik kashi 40 da ɗoriya.

Awo uku ba a tsallake su kafin a ba ɓera. Na farko farokzayid, ma'aunin gafin mai: ƙa'idar Codex ta ingancin abinci ta duniya ita ce kada ya wuce 10 ga tataccen mai, 15 ga wanda aka tatsa a sanyi. Man da ya fara gafi yana ƙona hanta, sai a ɗora wa irin man laifin da na ajiya ne. Na biyu yawan asid, iyakarsa 4 ga na sanyi, 0.6 ga tatacce. Na uku aflatoksin, gubar fumfuna, musamman a gyaɗa. Ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta motse a tsince ta da hannu tun kafin niƙa, domin man da ba a tace ba yakan ɗauko gubar, kuma hantar ɓera tana cikin masu saurin kamuwa da ita. A zuba man a baƙar kwalba a cika ta har wuya, a sa a firij.

Riɗi yana da wani sinadari mai suna sesamin, kuma masu bincike a Jafan sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa yana rage tsotsar kolestarol a hanjin ɓera, yana kuma rage ƙera shi a hanta. Amma kashi 0.5 na tsantsar sesamin suka sa a abinci. Man riɗi yakan ƙunshi wajen rabin kashi ɗaya, to in mai kashi 10 ne na abinci, sesamin ɗin ya koma kashi 0.05, ƙasa da nasu sau goma. Kada a kawo sakamakonsu a matsayin bayanin namu ba tare da an auna ba.

Maman Khalifa: Wannan bayani ya gamsar, Hajiya. Saura LDL ɗin da ke faɗawa ƙasa da sifili.

Ɗan Gusau: Lissafin Friedewald na 1972 da jinin mutane aka gina shi: a cire HDL daga jimilla, a cire kashi ɗaya cikin biyar na tiraigilisarayid. A ce ɓera yana da jimilla 70, HDL 50, tiraigilisarayid 120. Saba'in a cire hamsin saura 20, a cire 24, an tafi ƙasa da sifili da 4. Na'ura ba ta yi kuskure ba, lissafin ne ba na ɓera ba. A bar shi, a ba da rahoton jimilla a cire HDL kawai. HDL ɗin ma da lura, don sinadarin fosfotungistik da ake kwantar da sauran da shi yakan janye wani ɓangare na manyan HDL na ɓera, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya.

Wajen ɗibar jini: a ɗauke abinci da yamma a bar ruwa, awa 12, domin ɓera da dare yake ci. A yi wa dukan rukunai a safiya ɗaya, ana ɗaukar ɗaya daga nan ɗaya daga can, kada a gama rukuni guda da ƙarfe takwas wani kuma sai azahar. A sumar da dabbar kafin a taɓa ta. A cire allura daga sirinji kafin a zuba jinin a hankali ta jikin kwalba, a bar shi minti 30 ya daskare, a juya a inji minti 10 a gudun 3000. Ruwan da ya fito ja-ja jajayen ƙwayoyi sun fashe, zai rikita awon launi. Awon kansa maikirolita 10 na ruwan jini a mililita 1 na sinadari, minti 5 a digiri 37, a karanta a wajen nanomita 500, kowane samfur sau biyu. Mai son mayar da miligiram zuwa milimol ya raba kolestarol da 38.67, tiraigilisarayid da 88.57.

Baban Ummi: Ko an gyara duk wannan, in jini kaɗai aka auna ba a amsa tambayar ba. Kolestarol ba ya ɓacewa. In ya ragu a jini, ko dai hanji bai tsotse shi ba, ko hanta ta rage ƙera shi, ko ta fitar da shi cikin ɗaci, ko kuma ta tara shi a cikinta. Ukun farko alheri ne, na huɗun sauya ma'ajiya ce kurum. Kuma a ɓeran da ake ciyarwa kolestarol na huɗun yana yawan faruwa da mai marar daskarewa. Inzayim ACAT da ke ɗaure kolestarol don ajiya ya fi son oliyik, shi ya sa man zaitun, duk da kyawunsa ga mutane, a irin wannan gwajin yakan ba da kolestarol mai yawa a hanta, wani lokaci har a jini. Man gyaɗa, da na 'ya'yan zogale mai oliyik wajen kashi 70, da na aya, duk a sa musu ido a nan.

Ranar yanka za a gani da ido. Lafiyayyar hanta ja ce mai duhu, gefenta da kaifi. Ta ɓeran da ya sha kolestarol da kolik takan kumbura ta yi fari-fari kamar ƙullun koko, gefen ya dakushe, wuƙa ta fito da maiƙo. A auna nauyinta a raba da nauyin jiki. A yanki giram 0.5 daga ɓangare ɗaya a kowane ɓera, a niƙa a mililita 10 na kulorofom da metanol biyu bisa ɗaya kamar yadda Folch ya tsara a 1957, a wanke da mililita 2 na ruwan gishiri kashi 0.9, a ɗebi na ƙasa a busar sarai, a narkar a aisofurofanol, a auna da sinadarin da aka yi na jini. Ragowar kulorofom yana ɓata awon. Wani yankin a sa a fomalin kashi 10 don madubin likita. Sannan a tara kashin ɓerayen na kwana uku na ƙarshe, a busar, a auna sitarol da asid ɗin ɗaci. Man da ya rage na jini, ya rage na hanta, ya ƙara na kashi, shi ne ya yi aikin da ake nufi.

Abu Safiyya: Rukuni na biyar ma a sake tunani. Akira Endo, wanda ya gano sitatin na farko a Jafan a shekarun 1970, da ya gwada shi, wato kwamfaktin, a ɓeraye bai rage musu kolestarol ba, domin hantarsu ninka inzayim ɗin da ke ƙera kolestarol take yi ta cike giɓin. Sai a kaji masu ƙwai da karnuka ya yi aiki. Ɓeran da aka cika da kolestarol kuma hantarsa ta riga ta rage ƙerawa da kanta, sitatin ba shi da abin dannewa da yawa. Ezetimibe, mai toshe tsotsa a hanji, ya fi dacewa da wannan tsarin.

'Yar Maraɗi: Ga masu son faɗaɗawa zuwa wasu mayukan gida: man 'ya'yan kuka da ɗanyen man angurya suna da wasu asid masu hana hanta mayar da sitiyarik zuwa oliyik, na angurya kuma ga gubar gosifol in ba a tace ba. Manja falmitik ne kashi 44, alayyadi lorik wajen kashi 48, kada a haɗa su a suna ɗaya don daga bishiya ɗaya suka fito.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ake kai labarin ga jama'a. Mililita 5 a kilo na ɓera, in aka raba da 6.2 kamar yadda ake mayar da awon ɓera na mutum, ya zama mililita 0.8 a kilo. Mai kilo 60 kusan mililita 48 ke nan, cokali uku da ɗoriya, kalori wajen 400 kullum. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya ji an ce man riɗi na narkar da kolestarol, zai riƙa sha a kan abincinsa, wani har ya ajiye maganin asibiti. Abin da hujjar mutane ta goyi baya shi ne a rage kakide da man shanu a tukunya a sa mai marar daskarewa a madadinsu, kitse mai daskarewa ya tsaya ƙasa da kashi 10 na kalori kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ga yadda tsarin ya koma: rukunin lafiya a kan man waken soya giram 70, rukunin kakide 200, kakide 100 da riɗi 100, kakide 100 da gyaɗa 100, sai kakide 200 da ezetimibe. Mako takwas, biyu-biyu a keji, a auna jini da hanta da kashi. Tambaya ta ƙarshe: in kuɗi bai isa duka awon ba, wanne za a bari?

Ɗan Gusau: A bar HDL da LDL, Hajiya, su suka fi ƙarancin ma'ana a ɓera. Kwalin sinadarin jimillar kolestarol guda ɗaya zai yi jini, ya yi hanta, ya ba da kimar sitarol na kashi, sai dai a kashin ba ya bambance na tsiro da na dabba, a rubuta haka. Ɓera 30, samfur uku-uku, sau biyu, awo 180 ke nan, a ƙara 20 na ma'auni da maimaici, a nemi mililita 200. Yankin hanta na madubi a ajiye a fomalin, zai jira har kuɗi su samu.